Firgici da Maganinsa a Mahangar Abu Zaid al-Balkhi

Abu Zaid al-Balkhi, almajirin al-Kindi, wanda ya rasu a shekara ta 322 bayan Hijira, ya keɓe babi ga tsoro da firgici a littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus. A wurinsa, firgici tsoro ne da ya ƙetare haddi har ya rinjayi jiki. Likitocin yau sun siffanta alamominsa: bugun zuciya, ƙuncin numfashi, gumi, makyarkyata da jin kamar ajali ya zo. Yakan kai maƙura cikin 'yan mintuna, sa'an nan ya lafa.

Maganin da al-Balkhi ya bayar iri biyu ne. Na waje shi ne nasihar masani amintacce. Na ciki kuwa shi ne tanadin kyawawan tunani a lokacin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida tun kafin ciwo ya zo.

Tsoro ba hujjar raunin imani ba ne, domin Alƙur'ani ya ambaci tsoron Annabi Musa (AS) a Suratu Ɗaha, aya ta 67. Don haka ya kamata malamin da aka kawo wa mai firgici ya haɗa masa zikiri da addu'a da zuwa asibiti, domin neman magani ba ya warware tawakkali.