Shekara guda a sakandaren Amurka: Abin da ɗaliban musaya ke tararwa

Tun shekarar 2003 ɗaliban sakandare daga Nijeriya suka fara zuwa Amurka a ƙarƙashin shirin musayar ɗalibai na YES, wanda majalisar dokokin ƙasar ta kafa a 2002 bayan harin 11 ga Satumba, kuma yake ɗauke da sunayen Sanata Edward Kennedy da Sanata Richard Lugar. Ɗalibi kan yi shekarar karatu guda a gidan iyalin da suka karɓe shi, sau da yawa a ƙaramin gari a jiha irin Iowa, inda sanyin Janairu ke sa a manta da hunturun Jos.

Iyaye sun fi fargabar Turanci da darasi. Amma yaron da ya sha lissafi da kimiyyar sinadarai a babbar sakandare a gida ba kasafai allo ke ba shi tsoro ba. Abin da ke ɗaure masa kai shi ne ƙa'idojin da ba wanda ya rubuta.

A nan, malami ne ke zuwa ya tarar da ɗalibai a aji. A can, malami na zaune a ɗakinsa, ɗalibai ne ke tashi duk lokacin da ƙararrawa ta kaɗa, cikin 'yan mintuna su nemo wani ɗakin, su haɗu da wasu fuskokin. Babu “'yan ajinmu” da za a shaƙu da su daga safe har la'asar, shi ya sa yin aboki ke ɗaukar lokaci. Mafi yawan makarantun gwamnati ba su da kayan makaranta na bai-ɗaya, don haka sutura ma sai an yi mata tunani kowace safiya.

Inda abin ya fi ciwo shi ne ladabi. An horar da ɗan Bahaushe ya sunkuyar da kai gaban babba, kada ya yi musu, kada ya yi magana sai an tambaye shi. Malamar Amurka kuwa tana iya ɗaukar sunkuyar da kai a matsayin rashin sha'awa ko ɓoye wani abu, kuma a azuzuwa da dama tsoma baki cikin muhawara yana da makinsa. Aikin gida da ƙananan gwaje-gwaje duk ana tara su, ba a jiran babbar jarrabawa. Sai yaro ya yi asarar maki saboda halin da ake yabonsa da shi a gida. A gidan masauki ma haka: idan aka tambaye shi ko zai ƙara abinci, kawaici ya sa ya ce a'a, za a ɗauke kwanon ne kawai, ba mai lallashinsa.

Ga ɗalibi Musulmi akwai ƙarin lissafi. Sallar Juma'a tana faɗowa cikin lokacin darasi, jan naman da ake jerawa a kan fiza akasari na alade ne, kare kuma ɗan gida ne har kan kujera. Yawancin waɗannan ana warware su, amma sai yaro ya buɗe baki ya nema. Dokar bizar J-1 ta tanadi jami'in yanki da zai riƙa tuntuɓar ɗalibi da masu masaukinsa kowane wata, sai dai jami'in ba ya duba, abin da aka faɗa masa shi ya sani.

Batun dawowa ne iyaye suka fi sakaci da shi. Shekarar karatun Amurka tana ƙarewa a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, lokacin da jarrabawar WAEC ta riga ta yi nisa, manhajar kuma ba ɗaya ba ce. Uban da bai zauna da shugaban makarantar ɗansa tun kafin tafiya an tsayar da ajin da zai koma ba, yana iya tarar da yaron ya dawo da Turanci mai santsi, tsaransa kuwa suna jiran sakamako.