Idan Rumbun Sabar Ya Cika, Kada A Yi Saurin Share Kaya

Ran Talata 29 ga watan Agusta na 2023 aiki ya tsaya cik a dukan masana'antu 14 na kamfanin Toyota da ke harhaɗa motoci a ƙasar Japan. Da farko mutane sun zaci ɓarayin intanet ne suka yi ta'adi. Amma da kamfanin ya zo yin bayani bayan mako guda, sai ya ce wuri ne ya ƙare a faifan kwamfutocin da ke yin odar kayan haɗa mota. Wadda aka tanada domin ko-ta-kwana ita ma ciwon ya kama ta, sai da aka kwashe bayanan zuwa wata mai yalwa kana aiki ya koma washegari.

To, wannan ciwo ba na Japan kaɗai ba ne. Duk mai sana'ar POS a Agege ko Sabo ta Badun, da mai aika wa iyali kuɗi gida ta waya, da sabar yake hulɗa ko bai sani ba, watau babbar kwamfutar nan da ba ta barci, wadda ke yi wa sauran hidima. Samarinmu da suka koyi aikin kwamfuta a Ikko da Fatakwal kuwa, ba daɗe ba jima za a damƙa wa waninsu amanar irinta, kuma wata rana za ta cika a hannunsa.

Akasarin sabobin duniya da tsarin Linux suke aiki, wanda Linus Torvalds ɗan ƙasar Finland ya fito da shi a 1991, bisa tafarkin Unix da aka faro a Amurka a 1969. A wannan tsari kowace jakar fayil daga tushe ɗaya take tsirowa, wanda ake rubutawa da alamar / kawai. Tushen nan kamar zauren gida yake: idan aka jibge shi da buhuna har rufi, ba mai shiga, ba mai fita. Rumbun bayanai ya daina karɓar rubutu, wasiƙu su maƙale, wani lokaci ma shi kansa mai kula da na'urar ta hana shi shiga. Saƙon da take nunawa guda ne, "No space left on device", ma'ana babu sauran wuri.

Waɗanda suka tsara faifan sun san da haka, shi ya sa a tsarin ext4 ake keɓe kashi 5 cikin 100 na wurin domin shugaban na'ura kaɗai. Alal misali a faifai mai gigabait 100, biyar na nan a ɓoye, don mai gyara ya sami inda zai sa ƙafa.

Aikin farko shi ne aunawa. Umarnin df -h yana nuna wane ɓangare ne ya cika, du -xh kuma ya bi jaka-jaka ya faɗi nauyin kowace. Galibi a /var ake kama ɓarawon. A nan ne na'ura ke ajiye littafin abin da ya gudana, kuma idan wata manhaja ta rikice tana iya maimaita kuka ɗaya dare da rana har ta cinye faifan. Ana rage littafin da journalctl --vacuum-size, a kwashe ragowar kayan da aka sauko da su da apt clean a na'urorin Debian da Ubuntu, a kuma duba /tmp da tsofaffin ajiya da wani ya yi ya manta.

Amma inda sabon hannu ya fi shan wuya shi ne nan. Sai ya ga ƙaton fayil, ya share shi, ya koma ya auna, ya tarar faifan na nan a cike kamar bai taɓa kome ba. Dalili kuwa, a tsarin Unix share fayil cire sunansa ne kawai daga rajista. Muddin wata manhaja na riƙe da shi a buɗe, wurin ba zai dawo ba, kuma za ta ci gaba da zuba rubutu a cikinsa alhali ba mai ganinsa. An cire allon shago ne, ɗan haya na ciki. Shi ya sa lissafin df da na du kan saɓa, har mutum ya fara zargin na'urar da ƙarya. Umarnin lsof +L1 ne ke tona irin waɗannan fayiloli, sai a sake tayar da manhajar da ke riƙe da su, nan take wurin ya buɗe. Tsofaffin hannu ma ba sa share irin wannan fayil tun farko, cikinsa suke zazzagewa da truncate -s 0 su bar sunan a inda yake.

Har ila yau akwai cikar da ba ta nauyi ba ce. Kowane fayil, kome ƙanƙantarsa, yana cin katin rajista guda da ake kira inod, kuma a ext4 tun ranar tsara faifai ake ƙayyade yawansu. Ƙananan fayiloli rututu na iya cinye katunan ƙaf ga wuri fal. Da df -i ake gane wannan.

Gaggawa kuwa tana da tsada. Ran 31 ga Janairu na 2017 wani ma'aikacin kamfanin GitLab, cikin dare kuma a gajiye, ya ba da umarnin share jakar rumbun bayanai a kan sabar da ba ita yake nufi ba. Kafin ya farga kusan gigabait 300 sun tafi, aka yi asarar aikin jama'a na wajen awa shida. Umarnin rm ba shi da kwandon shara da za a koma a tsinto abu, kuma wanda ya taɓa /lib ko /boot da ka, na'urar na iya ƙin tashi gaba ɗaya.

Masu kula da sabar da suka san ciwon kansu kan ware wa /var ɓangarensa dabam tun ranar kafa na'ura, don in ya cika ya cika shi kaɗai. Suna saita logrotate ya riƙa naɗe tsofaffin littattafai yana zubar da waɗanda suka kwana biyu, sannan su sa ƙararrawar da za ta aiko musu saƙo a waya da zarar faifai ya kai wajen kashi 80 cikin 100.