Ko Kun Sani? Gubar Gyauron Dawa

Makiyayan Kazaure da Roni da ke korar shanu daga gyauron dawa, musamman wanda fari ya taɓa, suna da gaskiya. Ɗanyen ganyen kan saki gubar sayanaid a tumbin dabba, irin ta rogo mai ɗaci. Ƙwayar gubar atam uku ce kacal a jere: haidirojin, kabon da naitirojin. Kullum cikin motsi take, tana miƙewa tana lanƙwashewa. In aka haska mata hasken infared, wanda ido ba ya gani, takan shanye wani yankinsa daidai da motsinta. Da alamar lanƙwasar nan kumbon Voyager 1 ya gano ta a Taitan, wani wata na duniyar Satan, a 1980.