Sana'ar Shata Fagen Wasan Kwamfuta: Wane Kayan Aiki Ya Dace da Matasan Tasawa da Mayahi?

A gundumomin Tasawa da Mayahi na jahar Maraɗi, wayar salula ta shiga hannun samari, kuma da yawansu suna ɓata dare wajen wasannin da ke cikinta. Kusan dukan waɗannan wasanni daga ƙasashen waje suke zuwa. Amma ya kamata jama'a su sani cewa bayan kowane wasa akwai ma'aikata masu cin abinci da shi. Ɗaya daga cikinsu shi ne mai shata fage, wato wanda ke tsara inda ɗan wasa zai bi, da inda zai gamu da shinge, da inda zai samu lada.

Wannan aiki ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Wanda ya haƙa gurabe 30 na dara a ƙasa, ya ba kowane ɗan wasa ƴaƴa 12, fage ya shata. Haka kuma aikin ya yi kama da na malamin yaƙi da jahilci, wanda ke fara wa ɗalibi da baƙi mai sauƙi kafin ya kai shi ga jimla. Fage mai kyau yana koya wa ɗan wasa doka ɗaya, ya jarraba shi a kanta, sa'an nan ya ƙara masa wata.

Kayan aiki na farko takarda ne da fensir. A ƙasar Japan, Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka sun zana fagagen wasan Super Mario Bros. na shekarar 1985 a kan takarda mai gidaje-gidaje, kafin a shigar da su cikin na'ura. Saboda haka ɗan kwalej na Tasawa mai littafin lissafi yana iya soma koyo yau, ko da bai mallaki kwamfuta ba.

Bayan takarda sai manhaja, wadda masu sana'ar ke kira injin wasa. Guda uku ne suka fi shahara. Na farko shi ne Unreal, na kamfanin Epic Games na Amurka, wanda ya fito a 1998. Yana ba da hoto mai kyan gaske, kuma ba a biyan kamfanin sai wasa ya kawo dalar Amurka miliyan 1, daga nan a ba shi kashi 5 cikin 100. Sai dai yana cin gomman gigabait, yana kuma bukatar kwamfuta mai ƙarfi da tsada. Na biyu shi ne Unity, wanda ya fito a 2005, kuma da shi aka yi ɗimbin wasannin salula. A watan Satumba na 2023 kamfanin ya ba da sanarwar wani sabon haraji a kan sauke wasa, masu sana'a suka yi ca a kansa, har ya soke shi a Satumba na 2024. Darasin a fili yake: mai kayan aro ba shi da iko da farashi. Na uku shi ne Godot, wanda Juan Linietsky da Ariel Manzur, mutanen Ajantina, suka sake wa duniya kyauta a 2014. Sauke shi bai kai megabait 100 ba, yana aiki ba tare da intanet ba, kuma akwai nau'insa na wayar Android.

Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki. Wutar da kamfanin NIGELEC ke rarrabawa a yankin Maraɗi da Damagaram ta daɗe tana dogara ga layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa. A watan Agusta na 2023 Nijeriya ta katse wutar da take ba Nijar, ba ta maido ba sai a watan Maris na 2024. Wanda ya ga wannan ya san cewa manhaja marar nauyi, wadda ƙaramar kwamfuta mai batir ko farantin hasken rana za su iya ɗauka, ita ta fi dacewa da mai koyo. Don haka hanya mafi sauƙi ita ce: takarda tukuna, sa'an nan Tiled, wadda ake shimfiɗa taswirar fage da ita, sai Godot ko GDevelop, wadda wani Bafaranshe ya ƙirƙiro, kuma ba ta bukatar rubutun umurni mai yawa. Mai son siffofi masu kauri da zurfi sai ya ƙara da Blender, wadda ta zama kyauta tun 2002. Unity da Unreal suna zuwa daga baya, ga wanda ke neman aiki a manyan kamfanoni.

Abin da za a zuba cikin fagen kuwa, ƙasar nan ba ta rasa shi ba. Ga kwarin Gulbin Kaba na Mayahi da itatuwan goribarsa, ga tabkunan Tasawa, ga gonakin gawo, ga filin kokawa da na langa. Ga kuma tarihi: a Maijirgi, cikin ƙasar Tasawa, ayarin Voulet da Chanoine ya wargaje a 1899. Maƙwabta sun riga sun nuna hanya. An kafa Maliyo Games a Legas a 2012, kuma kamfanin Kiro'o Games na Kamaru ya fito da wasan Aurion a 2016.

Gaskiya ce sana'ar ba ta kawo kuɗi da wuri, kuma masu ɗaukar ma'aikata sun fi duba fagagen da mutum ya kammala, ya ba wasu suka gwada. Amma ilimin da ke cikinta, wato lissafi da zane da tsara aiki, yana da amfani a fannoni da dama. Ya dace shugabannin makarantu da na gidajen matasa su tanadi kwamfuta ko da biyu, su sa mata waɗannan manhajoji na kyauta, su kuma nemi taimakon ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi lokacin hutu. Ba a fafe gora ranar tafiya.