Yaron da ba ya amsa gaisuwa: gyara kan saƙon da ke yawo

Wani dogon saƙo kan lalurar otizim ya shigo zauren WhatsApp na danginmu, an yi ta tura shi ana sa albarka. Wanda ya rubuta shi ko sunansa bai saka ba, amma ya yanke wa 'ya'yan mutane hukunci.

Wai allurar rigakafi ce ke kawo ta. Ƙarya ne: mujallar Lancet ta janye binciken 1998 da ya haifar da wannan zance a 2010, Ingila kuma ta hana likitan da ya yi shi aiki. Wai duk masu lalurar gwanayen lissafi ne. A'a, kowa da irin baiwarsa.

Wanda ya tayar mini da hankali shi ne cewa yaron da ba ya amsa kira, ba ya gaida manya, taurin kai ne, "bulala ce maganinsa". Akwai gaskiya a farkon maganar: hira kan yi wa yara masu otizim wuya. Mu kuwa gaisuwarmu doguwa ce, ga kwana, ga gajiya, ga iyali, ga rusunawa. Wani yaron ka ce masa "ina kwana", sai ya maimaita "ina kwana". Wani ka ce "ka kyauta!" cikin gatse, sai ya ɗauka yabo ne. A gidan biki, hayaniya da lasifika kan cika masa kunne har ya toshe su ya ruga waje. Duk wannan ba raini ba ne. Lalura ce ta yadda ƙwaƙwalwa ke tasowa, kuma gado na da babban hannu a ciki. Duka ba ya sauya ta, tsoro kawai yake ƙarawa.

Damian Milton, masani ɗan Birtaniya mai wannan lalura, ya yi nuni a 2012 cewa gazawar fahimtar juna ta ɓangare biyu ce: mu ma ba ma fahimtarsu. Ina ganin ya yi gaskiya.

Uwar da ake wa gori kullum kan "rashin tarbiyya", ban ga laifinta ba idan ta yarda da saƙon. Amma yaya, ajiye bulalar. Yi wa yaron magana gajeriya, kai tsaye, ki ba shi lokacin amsawa. Ki kai shi wurin likitan yara, a fara da gwada jinsa. Ku kuma masu turawa, ku goge shi.