Ciwon mafitsara da ba ya jin magani: Me ya sa likitoci suka koma duba jijiyoyi?

Mace za ta yi watanni tana fama da zafi a mara. Da fitsari ya ɗan taru sai ciwon ya tsananta, in ta zubar ya lafa na ɗan lokaci. Da dare ta tashi sau da yawa. A yi gwajin fitsari a ce babu ƙwayar cuta, amma a kemis a ci gaba da ba ta maganin "sanyi".

Wannan lalura likitoci na taƙaita sunanta da BPS, wato ciwon mafitsara mai naci. Ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka ta ce ana zarginta ne idan alamomin sun wuce mako shida ba tare da an gano ƙwayar cuta ko wani dalili ba. Ta fi kama mata, amma maza ma ba su tsira ba.

Tun kusan 1915 wani likita a Jami'ar Johns Hopkins, Guy Hunner, ya bayyana wasu gyambuna a bangon mafitsarar masu ciwon. Sai dai mafi yawan marasa lafiyar ba su da gyambon. To daga ina zafin yake zuwa?

Amsar da ake ƙara samu tana cikin jijiyoyi. Mafitsara na da jijiyoyin da ke kai saƙo ta laka zuwa ƙwaƙwalwa cewa ta cika. Idan suka daɗe suna shan kumburi ko rauni, sukan zama masu saurin tunzura, har ɗan fitsari kaɗan ya zama azaba.

A 1983 Clifford Woolf ya nuna a jikin ɓeraye, a Landan, cewa ita kanta lakar na iya sauyawa ta riƙa zuzuta saƙon ciwo. Kamar rediyon da aka ƙure wa murya ne: ko raɗa aka yi, ihu za a ji.

Binciken MAPP da cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka suka fara a 2008 ya gano cewa da yawa daga masu lalurar na jin ciwo a wasu sassan jiki da ba mara ba. Akan same ta tare da ciwon hanji mai naci ko ciwon gaɓoɓi da tsoka. Saboda haka ciwon ba raki ba ne, ba kuma ƙirƙira ba.

Wannan ne ya sa maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya warkar da ita, sai dai ya ƙarar da kuɗi ya kuma sa ƙwayoyin su daina jin magani. Likita kan rubuta ƙaramin awo na amitiriftilin don kwantar da jijiyoyi, ko ya tura mutum gashin tsokokin ƙasan mara. Rage kofi, shayi, barkono da lemon kwalba na taimaka wa wasu.

Kafin a kai ga haka dole a kawar da sauran zargi. A yankunanmu, musamman inda ake wanka a rafi ko dam, tsargiya na cikin abin da za a fara dubawa. Wanda ya ga jini a fitsari, ko zazzaɓi ya haɗu da ciwon, kada ya tsaya kemis, ya nufi asibiti. Wanda kuma gwajinsa ke fitowa lafiya amma zafin ya ƙi tafiya, ya nemi a haɗa shi da likitan mafitsara.