Rangwamen Lokacin Bukukuwa: Abin da Doka Ta Ce Game da Farashin da Aka Liƙa

ABUJA — Duk sa'ad da Sallah ko Kirsimeti ta gabato, manyan kantunan Wuse da Garki da Jabi sukan cika da alluna masu shelar garaɓasa: an zabge kashi 30, ko ma rabin kuɗin kaya. Tun da kamfanonin ciniki ta intanet irin su Jumia da Konga suka yaɗa al'adar Black Friday ta Amurka a nan ƙasar, watan Nuwamba shi ma ya shiga sahun lokutan rangwame. Abin tambaya shi ne: daga wane farashi aka yi ragin?

Dabarar da masu ha'inci kan bi ba ta da wuyar ganewa. Ana saura 'yan makonni a fara garaɓasa, sai a ɗaga kuɗin shadda, alal misali, daga naira 40,000 zuwa 60,000. Ranar buɗewa sai a soke 60,000 da jan alƙalami, a rubuta 45,000. Mai saye ya tafi yana murna ya tsira da naira 15,000, alhali kuwa ƙarin 5,000 ya biya. Wata dabarar kuma ita ce a liƙa ƙaramin farashi a kan kanta, amma in an zo wurin biya na'ura ta karanto wanda ya fi shi. Mutumin da ya jido kayan Sallah cike da kwando, ga layi a bayansa, da ƙyar ya tsaya bin rasit ɗaya bayan ɗaya.

Zargin wannan dabara ta biyu ne ya sa Hukumar Kula da Gasar Kasuwanci da Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, watau FCCPC, ta garƙame babban kantin Sahad da ke Area 11 a Garki ran 16 ga watan Fabrairun 2024, ƙarƙashin jagorancin muƙaddashin shugabanta na lokacin, Adamu Abdullahi. Hukumar ta ce ta tarar da bambanci tsakanin farashin da ke kan kanta da wanda ake karɓa. Ba a jima ba aka sake buɗe kantin, bayan ya ɗauki alkawarin gyara tsarin farashinsa.

Ikon hukumar ya samo asali ne daga dokar gasa da kare masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ta kuma maye gurbin dokar soja mai lamba 66 ta 1992. Sashe na 115 ya wajabta wa mai sayarwa ya nuna farashin kayansa a fili, ya kuma hana shi karɓar fiye da abin da ya nuna. Sashe na 123 ya haramta bayanin ƙarya ko na yaudara wajen tallata haja. Hukuncin kuwa ba na wasa ba ne: mutum na iya shan ɗaurin da ya kai shekara biyar, ko tarar da ta kai naira miliyan 10, ko duka biyun. Kamfani kuwa zai biya aƙalla naira miliyan 100, ko kashi 10 cikin ɗari na cinikinsa na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa.

Su ma 'yan kasuwa suna da hanzari. A watan da aka rufe kantin na Garki, hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 31 cikin ɗari, naira kuma tana ta faɗuwa. Kantin da ke da dubban kayayyaki na iya canza farashi a kwamfuta cikin daƙiƙa, amma sauya takardun kan kanta sai an bi su da hannu. Sai dai doka ba ta ɗora wa mai saye wannan jinkiri ba. Abin da ya gani a liƙe, shi zai biya.

Batun tsohon farashin bogi ya fi wuyar kamawa, domin sai da shaidar yadda aka sayar da kayan a baya. Ƙasashen Tarayyar Turai sun toshe wannan kafa tun daga 2022: duk mai shelar rangwame tilas ya nuna farashi mafi ƙanƙanta da ya sayar da kayan cikin kwanaki 30 da suka wuce, a kansa kuma za a auna ragin.

Ɗan kasuwar Abuja zai iya ɗaukar wannan ma'auni da kansa ba tare da jiran umurni ba: ya adana littafin farashinsa da kwanan wata, ya daidaita kanta da na'ura kowace safiya kafin buɗe ƙofa, ya kuma bayyana ranar da garaɓasa za ta ƙare da yawan kayan da ta shafa. In sufeton hukuma ya shigo, wannan littafi ne shaidarsa. Shi kuwa abokin cinikin da ya gano an yi masa rangwamen baka a Ƙaramar Sallah, da wuya a sake ganinsa a Babba.